Dukiyar Da Ake Cinna Wa Wuta A Gonakin Bakolori

Akwai abu biyu da ke faruwa a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun waɗanda ya kamata a jera su wuri ɗaya a duba. Na farko, duk sa'ad da aka yanke shinkafa aka buge, wani abu mai yawa daga cikin tattakar yakan ƙare a wuta, domin manomi yana sauri ya share fage ya sake shuka. Na biyu, masu kiwon kaji suna ta kuka da tsadar abinci, tun ba daga shekarar 2023 ba, lokacin da aka janye tallafin man fetur, kuɗin masara da na dako suka hau. Waɗansu sun rage kajinsu, waɗansu sun rufe akurki ɗungum. Ga abinci yana ci da wuta a gona, ga dabba tana rama a gida. Muna ganin wannan magana ta shafi kowane malamin makaranta da kowane akawu, gama su ne mutanen da talakawa ke tambaya in abu ya shige musu duhu.

Abin da aka biya kafin ruwan nan ya zo

Kafin mu shiga maganar kiwo, ya kyautu a tuna da tsadar ƙasar da ake magana a kanta. An fara ginin madatsar ruwan Bakolori a kan Gulbin Sakkwato cikin 1974, aka gama cikin 1978. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya shi ya yi aikin. Tafkin yana iya riƙe ruwa kimanin mita miliyan 450 na murabba'in ciki, aka kuma shirya ba da ruwa ga gonaki wajen hekta 23,000. Ba a samu wannan a banza ba. Ruwa ya ci garuruwa da gonaki, aka ta da mutane daga gidajen kakanninsu. Fadamun da ke gangare, waɗanda a dā ambaliya ke jiƙa su kowace shekara, suka rage albarka. Cikin Afrilu 1980 rikicin biyan diyya ya kai ga aka tura 'yan sanda a kan manoma, rayuka masu yawa suka salwanta.

Bayan wannan kuma sai aikin ya yi ta lalacewa. Sashen da aka shirya shayarwa da injin feshi, wanda shi ne mafi girma, ya tsaya, magudanai suka cushe. Cikin 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin da ake kira TRIMING domin gyaran manyan wuraren noman rani na Arewa, Bakolori kuwa tana cikinsu. To, ƙasar da aka saya da irin wannan tsada, kuma aka gyara ta da kuɗin rance wanda 'ya'yanmu za su biya, bai kamata a ɗauki rabin abin da ta haifa a zubar ba.

Lissafin buhu ɗaya

Mun ce rabi, ga kuwa dalili. Shinkafa takan ba da tattaka wadda nauyinta ya yi kusa da na tsabar da aka samu, wani lokaci ma ya fi. In kuma aka kai buhun shanshera mai kilo 100 wurin casa, abin da ke zama shinkafar ci, da lafiyayya da karyayya, bai cika wuce kilo 70 ba. Wajen kilo 20 buntu ne, watau ɓawon waje, sauran kilo 8 zuwa 10 kuma dusa ce. Mu ɗauka, don misali, manomi ya sami buhu 40 a hekta ɗaya. Ashe ke nan yana da tattaka wajen kilo 4,000, da dusa fiye da kilo 300, ban da tsakin shinkafa. Wannan lissafi ne da ɗan aji shida zai iya yi a allo, amma manoma kaɗan ne ke sa shi cikin ribar gonarsu.

Ba shinkafa kaɗai ake nomawa a wannan ƙasa ba. Akwai karan dawa da na gero da karmami, akwai karan masara da totuwa, akwai harawar wake da kowarsa, da harawar gyada, da ganyen dankali, da angurya, da ƙuliƙuli wanda mata ke fitarwa bayan sun matse mai. Kakanninmu sun san darajar waɗansu daga cikin waɗannan. Ba wanda zai koya wa Bazamfare ɗora harawa a kan rumfa ko a reshen itace, ko turke rago watanni kafin Babbar Salla. Abin da ya ƙaru yanzu shi ne yawan shinkafa. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kabi cikin Nuwamba 2015, aka kuma rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, noman shinkafa ya bunƙasa a Arewa maso Yamma. Tsaba ta sami kasuwa, tattaka kuwa ba a yi mata shiri ba.

Ciki ba iri ɗaya ba ne

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Sukan ji an ce saura daga gona abincin dabba ne, sai su zaci kowace dabba za ta ci kowane abu. Ba haka ba ne. Saniya da tunkiya da akuya suna tuƙa, suna da tumbi wanda ke cike da ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke narka kara da ciyawa. Kaza da zabuwa da agwagwa da talotalo ba su da wannan. Cikinsu guntu ne, abinci ba ya daɗewa a ciki, saboda haka sai abu mai sauƙin narkewa. Haka nan alade, wanda Musulmi ba su ci ba su kiwo, amma maƙwabtanmu na kudancin Kaduna da Filato da Binuwai suna kiwonsa. Shi ma cikinsa ɗaya ne kamar na kaza, duk abin da za mu faɗa a kan dusa da ƙuliƙuli ya hau kansa.

Rabon ke nan: tattaka da kara da totuwa da harawa na masu tuƙa ne. Dusa da tsaki da ƙuliƙuli da ɗanyen ganye kaɗan su ne na kaji. Buntu kuwa ba abincin kowa ba ne. A shimfiɗa shi a ɗakin kaji ya tsotse danshi, in ya cika da kashinsu a kwashe a kai gona, ko kuwa a yi makamashi da shi wajen turara shinkafa.

Yadda ake gyara tattaka

Tattakar shinkafa ita kaɗai ba ta ƙiba da dabba. Sinadarin gina jiki da ke cikinta, wanda masana ke kira furotin, bai wuce kashi 4 cikin 100 ba, ga ta kuma da wani abu mai kama da rairayi wanda ke hana ta narkewa sosai. Saniya takan cika ciki da ita amma ta ci gaba da ramewa. Harawar gyada da ta wake sun ninka ta sau biyu ko uku wajen gina jiki, shi ya sa suke tsada.

Amma akwai dabarar da aka daɗe ana yi a ƙasar Sin da Indiya da Bangaladash. Akan narka kilo 4 na takin yuriya a cikin ruwa wajen lita 50, a yayyafa a kan tattaka kilo 100, ana jerawa ana tattakewa a cikin rami ko ɗan ɗaki, sa'an nan a rufe da leda ruf yadda iska ba za ta shiga ba. Bayan mako uku a buɗe, a baza abin da za a bayar ya sha iska warin ya fita. Tattakar takan yi laushi, launinta ya yi duhu, sinadarin gina jikinta ya kusa ninkawa, dabba kuma ta fi cinta da yawa. In an haɗa mata da 'yar harawa da dusa da gishiri ko kanwa, to, bajimin Bokolo ko ragon Uda zai riƙe jikinsa har damina ta faɗi.

Sai dai a yi hattara ƙwarai. Yuriya guba ce in dabba ta ci ta tsagwaronta, ko ta sha ruwan da aka narka ta a ciki. Kada a ba kaji, kada a ba jaki ko doki, kada a ba maraƙi ko ɗan tunkiya da bai fara tuƙa ba. A auna da ma'auni, kada a auna da ido. Wanda zai fara, ya nemi malamin gona ko na dabbobi ya tsaya a kansa.

Maganar kaji

A wajen mai kiwon kajin zamani, abinci ne ke cin wajen kashi 70 cikin 100 na abin da yake kashewa, masara kuwa ita ce fiye da rabin abincin. Masarar nan ita mutane ke ci. Duk sa'ad da ta yi tsada, kaza da mai gida sun zama abokan takara a kan kwano ɗaya. Tsakin shinkafa yana iya maye gurbin masara mai yawa. Dusar shinkafa mai kyau kuma ana iya sa ta kashi ɗaya cikin goma har zuwa kashi ɗaya cikin biyar na abincin manyan kaji, amma a rage wa 'yan tsaki. Ƙuliƙuli yana da sinadarin gina jiki fiye da kashi 40 cikin 100. Waken suya ma haka yake da amfani, sai dai dole a soya shi ko a dafa tukuna, gama ɗanyensa yana hana narkewar abinci. Kaza mai ƙwai tana bukatar ƙonannen ƙashi ko dakakken dutsen farar ƙasa domin ɓawon ƙwai. Ganyen zogale ko na dankali, in an shanya a inuwa an daka, shi ke sa gwaiduwa ta yi ja, domin abincin da shinkafa ta yi yawa a ciki yakan sa ta yi fari-fari.

To, me ya hana a yi haka tuntuni? Babban cikas yana wurin injin casa. Ƙananan injunan da suka cika ƙauyukanmu suna ɓare shinkafa su goge ta a lokaci guda, sai buntu da dusa su fito a cakuɗe. Abin da ake sayarwa da sunan dusar shinkafa, sau da yawa fiye da rabinsa niƙaƙƙen buntu ne. Kaza ta ci ta ƙoshi, amma ba girma ba ƙwai. Injin da ke ɓarewa daban ya goge daban shi ke ba da dusa tsantsa. Saboda haka duk ƙungiyar manoma da za ta sayi inji, da duk hukumar da za ta ba da shi, ya kamata su yi wannan tambaya kafin a biya kuɗi.

Cikas na biyu, dusar shinkafa tana da mai, in ta daɗe a zafi sai ta yi ɗaci da wari cikin 'yan makonni. Amma a nan matan ƙasar nan suna da rinjaye da ba su sani ba: turara shinkafa kafin casa yana kashe abin da ke lalata man, saboda haka dusar gumi ta fi ta ɗanyar shinkafa jure ajiya.

Lafiyar nama daga akushin dabba take farawa

Araha ba ita kaɗai ce abin nema ba. Abin da dabba ta ci yana iya biyo nama da ƙwai da nono ya iso cikin yaranmu. Tarihi ya ba da darasi a kan wannan. Cikin 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila. Da aka bincika sai aka tarar garin gyada ne da aka kawo daga ƙasar Barazil, wanda funfuna ta kama. Daga nan aka gano gubar da ake kira afalatoksin. Tana son gyada da masara da aka ajiye da danshi, tana lalata hanta, tana hana yara girma, tana kuma fitowa a nonon saniyar da ta ci ta. Dafuwa ba ta kashe ta. Al'adar da muke da ita ta tsince ruɓaɓɓiyar gyada da baƙar masara a watsa wa kaji, wai kada a yi hasara, ita ce hasarar. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fito da wani magani mai suna Aflasafe wanda ake watsawa a gona domin rage wannan guba, amma tushen rigakafi shi ne a shanya amfani ya bushe sarai, a ajiye shi sama da ƙasa.

Na biyu, maganin ƙwari. Cikin 2015 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin da aka samu a cikinsa. In wake ya ɗauki magani, to, harawarsa da kowarsa fa? Manomin rani yana feshi da yawa a kan tumatir da wake da shinkafa. Kowace kwalba tana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira kafin girbi. Wannan jiran ya hau kan abin da za a ba dabba kamar yadda ya hau kan abin da za a kai kasuwa.

Na uku, angurya. Abinci ce mai kyau ga manyan shanu, amma tana da wani sinadari da ake kira gosifol wanda ke cutar kaji da aladu, yana kuma ɓata launin gwaiduwa. Na huɗu, ragowar abincin mutane da ba a dafa ba. Annobar ciwon baki da kofato da ta auka wa Ingila cikin 2001, wadda ta sa aka hallaka dabbobi miliyoyi, an bi sawunta har wata gonar aladu inda ake ba su irin wannan ragowa.

Na biyar, magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Kazar da ba ta ƙoshi da abinci mai kyau ba takan yi ta ciwo, mai ita kuma ya yi ta ɗura mata magani a ruwa, ya sayar da ita ko ƙwanta tun maganin bai bar jikinta ba. Tarayyar Turai ta hana sa irin waɗannan magunguna a abincin dabbobi don ƙara musu girma tun 2006. Abinci mai tsabta da ɗaki mai iska sun fi kwalabe goma.

Manomi da makiyayi

Akwai wani gefen maganar wanda ya fi duk waɗannan nauyi. A dā akwai amana tsakanin manomi da Bafillace. In an kwashe amfani, shanu su shiga su ci kara, su bar taki, wani lokaci har manomi ya ƙara da damin hatsi don a kwana a gonarsa. Noman rani ya canja wannan. Gonar da ake nomawa rani da damina ba ta da lokacin da za a sake ta ga shanu, fadamar da ta kasance makiyaya da rani kuma ta zama fagen shinkafa. Ba mu ce wannan ne kaɗai ya haifi tashin hankalin da ya addabi Jihar Zamfara fiye da shekara goma ba. Dalilansa suna da yawa. Amma duk mai hankali ya san saniya mai yunwa a bakin koriyar gona fitina ce.

In shanu ba za su iya zuwa wurin tattaka ba, sai tattaka ta je wurin shanu. A tara ta, a ɗaure, a sare ta da inji, a kai kasuwar Talata da sauran kasuwanni kamar yadda ake kai harawa. Manomi ya sami kuɗi, makiyayi ya sami abinci, samari su sami aikin ɗauri da dako.

Wani zai ce, in an kwashe kome daga gona, me ƙasa za ta ci? Wannan tambaya ce ta gaskiya, ba kuwa za mu raina ta ba. Gonar da ake kwashe mata tsaba da kara shekara da shekaru ba a mayar mata da kome, lalle za ta gaji. Amma wuta ba ta ciyar da ƙasa. Tana kore mafi yawan sinadarin da ake sayen yuriya dominsa, ta bar toka. Amsa ita ce a bar kututturen shinkafa a juye shi cikin ƙasa, tattakar da aka kwashe kuma ta komo a matsayin taki. Ciniki na adalci shi ne amalanken da ya fita da tattaka ya dawo da kashin shanu.

Aikin da ya hau kanmu

Cikin Yuli 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo. Wannan abu ne mai kyau, amma ma'aikata a Abuja ba za ta san yawan dusar da ke fita daga injin wani ƙauye a Bakura ba. Ilmin ma ba nesa yake ba. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya, wadda ta samo asali daga gonar kiwo ta 1928, ita ta fito da kazar ƙwai da ake kira Shika Brown, ta kuma daɗe tana aiki a kan abincin dabbobi. Ga kwalejin noma da kiwo a Bakura, ga makarantar fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, inda ɗalibai za su iya ƙera injin sarar kara. Abin da ya rage shi ne masu kai saƙo.

Ga akawunan ƙananan hukumomi da na fadar hakimai, muna ba da shawara uku. Su rubuta yawan injunan casa da ke ƙasarsu, da irin kowanne. Su tabbata an ware wuri a kasuwa domin abincin dabbobi, a kuma sa sarkin kasuwa ya hana cakuɗa dusa da buntu ko rairayi. In manomi da makiyayi sun yi yarjejeniyar kara da taki, a rubuta ta a gaban dagaci da shaidu, domin abin da aka rubuta ba ya zama gardama.

Ga 'yan'uwanmu malamai kuwa, darasin lissafi da na kimiyya da na tsabta duk suna cikin wannan magana. A sa yara su auna buhu kafin casa da bayanta. A raba kaji goma gida biyu, a ba kashi ɗaya dusa tsantsa, ɗayan a ba shi mai buntu, a riƙa aunawa kowane mako ana rubutawa. A nuna musu gyada mai funfuna su gane ta da idonsu. Yaron da ya ga wannan zai faɗa wa uwarsa, ita ce kuwa mai kajin gida da awakinsa.

Hausawa sun ce abin da ka raina shi ke tsone maka ido. Mutanen Bakolori sun ba da gonakinsu da gidajensu kafin ruwan nan ya gudana. Haƙƙinsu ne su ci moriyar duk abin da ya tsiro da shi, tsaba da kara, su kuma ci nama da ƙwai da ba za su ji tsoron ba 'ya'yansu ba. Girbi mai zuwa ba shi da nisa. Shirin rami da leda da wurin ajiya, yanzu ne lokacinsa.